Ƙarin ƙashin gadon baya yana kaiwa ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan da aka cire wa mahaifina ƙari a ƙashin ƙugu, can ƙasan gadon baya, wanda aka ce sunansa kodoma. Yanzu ciwon kai ya matsa masa. Ko cutar ce ta hau kansa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Yana yiwuwa, amma da wuya ƙwarai. Kodoma kanta ba ta da yawa, kusan mutum 1 cikin miliyan take kamawa a shekara. Tana tsirowa ne daga ragowar wata igiya da ke jikin ɗan tayi kafin ƙashin baya ya ginu, kuma a hankali take girma. Babban halinta shi ne sake tsirowa a inda aka cire ta, musamman idan ƙarin ya fashe lokacin aiki ko an cire shi gutsure-gutsure. Idan kuwa ta bi jini, huhu ta fi zuwa, sai ƙasusuwa da hanta da fata. Ko bazuwar ma, galibi sai bayan ta riga ta dawo a wurin farko take faruwa.

Don haka a fara neman wani dalilin ciwon kan: a auna hawan jininsa, a duba idonsa. Amma kada a jira ranar ganin likita idan ciwon ya fi tsanani da asuba tare da amai, ko ya yi jijjiga kamar farfaɗiya, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko magana ta sarƙe. A kai shi asibiti a ranar.

Hoton da ake bukata shi ne MRI na kai tare da allurar da ke fito da ƙari fili (akan gwada ƙoda tukuna), sai MRI na ƙugu da CT na ƙirji. Ku tafi da tsofaffin hotunansa da sakamakon gwajin tsokar da aka cire. Iyalai da yawa suna zubar da su, alhali da su ake kwatanta sabon hoto.

Idan an ga ƙari guda a inda hannu zai kai, ana cirewa ko a gasa shi da haske mai ƙarfi da aka saita a kan ƙarin. Kemo, wato maganin cutar daji na allura ko ƙwaya, na yau da kullum ba ya tasiri sosai ga kodoma. Ko hoton ya fito lafiya, kada Baba ya daina zuwa bibiya, domin tana iya dawowa ko bayan shekara 10.