Ajiye lemun tsamin nan, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka tsinci kwabbai masu huda na 1959 a akwatin marigayi kakanka, wasu sun yi duhu, ko ka wanke su da lemun tsami su yi ƙyalli. Don girman Allah kar ka yi. Ni na yi, har gobe ban huce ba.

Nawa na 1952 ne, na Sarki Joji na shida, shekarar da aka koma buga kwabon Afirka ta Yamma da tagulla maimakon farin ƙarfe. Guda tara, naɗe a takarda a ƙasan adakar mahaifiyata, ba su taɓa shiga hannun mai ƙosai ba. Jansu na asali yana nan, in ka karkata ɗaya a rana sai ka ga haske yana kewaya shi. Na kai wa wani dillalin kayan tarihi, ya ce: "Malam, je ka goge su, masu saye ba sa son datti." Na dawo gida, bayan la'asar na zauna da toka da tsami ina dirza, har ina jin daɗi. Suka koma fari-fari kamar naman da ya kwana a ruwa. Da na mayar masa, ya sa gilashinsa ya duba, ya ce ai na kashe su. Shi da bakinsa! Wai bai ce in dirje ba, shafawa ya ce. Ya yi mini tayin kuɗin da ko na mota bai kai ba. Har yau in na bi ta layinsu sai na kau da kai.

Daga baya na gane kamfanonin tantance tsabar kuɗi irin PCGS da NGC maki suke bayarwa daga 1 zuwa 70, a tagulla kuma har launi suke rubutawa: ja, ruwa biyu, ko ƙasa-ƙasa. Duhun nan naka ba aibi ba ne, shekaru ne. Gogagge kuwa ko makin ba ya samu.

Kore ne abin tsoro. In yana danƙo, daga ledar nan mai laushi ce da ake saka su ciki. Tsoma shi a ruwan sinadarin asiton (acetone) zalla, ban da na goge jan farce, kuma kar ka murza. In gari-gari ne, ware shi daga 'yan'uwansa tun yau. Riƙe kwabo ta gefe, zufar yatsa tana barin tambari da ba ya fita. Damina ma abokiyar gaba ce, ni gwangwani mai marfi nake amfani da shi, da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Af, in akwai anini a akwatin, ɗauko mana hoto gaba da baya. Na 1936 nake nema tun tuni. Taran nan nawa suna aljihun tebur, ko buɗewa ba na yi.