Ku Tambaya, Mu Amsa: Kibiyar Kabon da Dogon Baka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da dogon baka na katako, an rubuta laba 45 a inci 28 a jikinsa, wato nauyin jansa in an ja tsirkiya inci 28. Na sayi kibau na kabon masu lamba 400, tsawonsu inci 29, nauyin kansu giren 100 (giren ƙaramin awon nauyi ne). Da hannun dama nake ja, kuma jana bai wuce inci 27 ba. Duk harbin da na yi sai kibiya ta tafi hagu tana kaɗa gindi, har ina jin tana dukan baka. Laifin hannuna ne ko na kibiyar? (Mai karatu daga Birni, Zinder)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin kibiyar ne, ta yi wa bakanka tauri.

Lambar nan 400 awon tauri ce. Ana ɗora karan kibiya a kan madogara biyu da ke da tazarar inci 28, wato santimita 71, a rataya nauyin giram 880 a tsakiyarsa, a duba yadda ya lanƙwasa. Mai lamba 400 yana sauka milimita 10 da ƴan kai, mai 500 kusan milimita 13, mai 600 kuwa milimita 15. Ke nan ƙaramar lamba ita ce mai tauri, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da ƙusa biyu a bango da gorar ruwa da aka auna ta kai giram 880 kana iya gwada karanka a gida.

Dalilin da ya sa dogon baka ke son kibiya mai laushi shi ne, mariƙinsa ba a fafe shi har tsakiya ba. Kibiya tana kwance a gefensa, tsininta na kallon hagu kaɗan. Da ka saki tsirkiya, dole karan ya lanƙwashe ya kewaye mariƙin kafin ya miƙe ya nufi inda ka bara. Wanda ya yi tauri ba zai kewaye ba, sai ya bugi katako ya wuce hagu. Jadawalin zaɓen kibiya da kamfanoni irin su Easton ke bugawa ya fi dacewa da bakan da aka fafe har tsakiya, don haka mai irin naka ya sauka mataki ɗaya zuwa kibiya mai laushi, wani lokaci ma biyu. Ƙari a kan haka, laba 45 ɗin sai an ja inci 28 ake samunta. Kowane inci da aka rage yana cin laba 2 zuwa 2 da rabi, ke nan kana harbi ne da laba 42 ko 43.

Shawararmu ka nemi mai lamba 600, kada ka bari a yanke maka shi, ka haɗo da kawuna na gwaji: giren 125, 145 da 175. Waɗancan 400 ɗin ana iya tausasa su da ƙarfen ciki (wanda ake mannawa cikin bakin karan, a ɗaura kai a jikinsa) na tagulla mai giren 100 da kai mai 200, amma kibiyar za ta yi nauyi ta riƙa faɗuwa da wuri, kuma da wuya laushin ya isa.

Kafin gwaji, a zaunar da baka tukuna. Tazarar tsirkiya da cikin mariƙi ta kasance tsakanin santimita 16 da 18, sai in maƙerin bakan ya faɗi wani awo. Murɗa tsirkiya yana ƙara tazarar, warware ta yana ragewa. Sannan ka ɗaura ƙullin zare a tsirkiya, milimita 12 ko 13 sama da saitin wurin da kibiya ke kwanciya, gindin kibiya ya zauna a ƙarƙashinsa.

Yanzu ɗauki kibau shida iri ɗaya, uku masu gashi, uku tsirara. Gashi yana rufa wa kibiya asiri, marar gashi kuwa duk abin da ke damunta a fili yake. Tsaya mita 10, riƙe baka a tsaye cak, don in ka kishingiɗa shi kuskuren hagu da dama zai gauraya da na sama da ƙasa. Harba duka shidan a wuri ɗaya, ka maimaita sau biyar ko shida, ka duba inda tsiraran ke taruwa in aka gwada da masu gashi. Kada ka yanke hukunci da harbi guda.

Sama da ƙasa ake fara gyarawa. In tsiraran sun faɗi ƙasa da masu gashi, ƙullin ya yi sama, sauko da shi milimita 1 ko 2. In sun hau sama, ɗaga shi. Bayan an daidaita wannan sai a koma gefe. Ga mai ja da dama, tsiraran da suka tafi hagu sun yi tauri: ƙara nauyin kai. Waɗanda suka tafi dama sun yi laushi: rage nauyin kai, ko ka yanke milimita 6 daga karan, ka sake gwadawa. Bahago ya juya maganar. Da sun haɗu a mita 10, ja baya zuwa 15, sannan 20. Ka tsaya tun tsiraran suna ɗan zuwa dama kamar faɗin tafin hannu, saboda nauyin gashi a gindi yana ƙara tauri kaɗan.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani. Kibiya mai tsananin tauri takan daki mariƙi da gindinta, ta yi tsalle ta nuna alamar laushi. Mutum ya yi ta yankewa, abin yana ƙara lalacewa. In ka ƙara nauyin kai ka ga ta gyaru, to tauri ne tun farko. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zagaye. Kuma a lokacin hunturu ka yi gwajin nan da sassafe kafin iska ta taso, a gaban katangar ƙasa, ba ta siminti ba, inda babu mai wucewa. Kai mai kaifi na farauta ba a ɗaura shi a kan kibiya tsirara ko kusa.

Nauyin kibiya gaba ɗaya kada ya gaza giren 9 zuwa 10 ga kowace laba. A bakanka giren 380 zuwa 420 ke nan, wato giram 25 zuwa 27. Ma'aunin masu sayar da zinariya ya isa a auna. Kibiyar da ba ta kai haka ba tana bar wa baka ƙarfin da bai samu mafita ba, ka ji girgiza a hannu, katako kuma ya gaji da wuri.

Tambaya: Da me zan yanke kabon, kuma wane gam ya fi riƙe ƙarfen ciki a zafin garin nan? (Wani ɗan'uwa daga Zango)

Amsa: Zarto da abin yankan bututu duk suna farfasa zaren kabon, ka bar su. Siririn faifan gurza mai saurin juyawa ake amfani da shi, irin na ƙaramin injin Dremel. Naɗe wurin da salatif, ka riƙa juya karan a hankali a jikin faifan, sannan ka goge bakin a kan sanfefa da aka shimfiɗa a wuri mai lebur har ya daidaita. Rufe hanci da baki, ƙurar ba ta da kyau a huhu. In an riga an manna ƙarfen ciki, zare robar gindi ka yanka ta can. Ko yaya aka yi, tsinin kibiya ya wuce mariƙin baka da inci ɗaya aƙalla in ka ja har ƙarshe.

Goge cikin karan da auduga da alkol na farmasi, ya bushe. Lokacin gwaji, gam mai narkewa da ɗan zafi ya fi, don za ka so cirewa. Kan ƙarfen ake ɗumamawa, harshen wuta kada ya taɓa kabon. Sai dai wannan gam yana saki in an bar kibau cikin mota a watan Afrilu ko Mayu. Da ka gama gwaji, koma wa Araldite mai bushewa a hankali, ka ba shi awa 24.

Tambaya: Kibau na maharbanmu na kyauro ba su da gashi. Nawa na kabon sun zo da fiffiken roba, ya zama dole in sauya? (Mai karatu daga Mirriya)

Amsa: Sauya. Roba ba ta kwanciya, tana dukan mariƙi ta harba gindin kibiya gefe, kuma in a kan hannu kake kwantar da kibiya za ta yanke ka. Sa gashin talo-talo uku, inci 4 ko 5, dukansu daga fiffike ɗaya, na dama ko na hagu, kada a gauraya.

Tambaya: Kibiyata ta bugi dutse a bayan gari, amma ban ga ta karye ba. In ci gaba da ita? (Wata ƴar'uwa daga Sabon Gari)

Amsa: Malama, kabon yakan tsage daga ciki ido bai gani ba. Riƙe bakinta biyu, nesa da fuska, ki lanƙwasa ta kaɗan, ki juya ki sake, sau huɗu ko biyar, kina saurare. Ki kuma murɗa ta, ki duba bayan ƙarfen kai da wajen robar gindi, nan tsaga ta fi ɓuya. In kika ji ƙas, ko kika ga zare ya tashi, karya ta biyu ki jefar inda yara ba za su tsinta ba. Tsagaggiyar kibiya tana fashewa ne daidai lokacin saki, kuma tsinkenta cikin hannun da ke riƙe da baka yake shiga.