Tarkacen saƙonni sun cika mini imel, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da na gama bautar ƙasa na dawo gida Jega nake cike duk fom ɗin neman aiki ko tallafi da na gani a WhatsApp. Yanzu imel ɗina ya cika da saƙonnin da ban san masu su ba. Wani ma cewa ya yi za a rufe mini asusun banki in ban tura BVN ba. Na yi ta danna wurin cire suna, sai abin ya ƙaru. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya kawo aiki mai albarka.

Ai ka riga ka faɗi ƙofar da ɓarawon ya shigo. Da yawa daga fom ɗin da ke yawo a WhatsApp babu aiki a bayansu, babu tallafi. Adireshinka da lambar wayarka ake so, domin haja ce da ake tarawa a sayar. Abin ya daɗe. Tun 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya tura wa mutane kusan 400 tallar kwamfuta a lokaci guda ba su nema ba. Tura saƙo dubbai kusan kyauta ne, don haka ko mutum ɗaya ya faɗa tarko, uwar kuɗi ta fita.

Sai dai ka rarrabe. Akwai tallar kamfanin da kai da kanka ka yi rajista da shi. Wannan danna cire suna yana tsayar da ita. Akwai kuma na 'yan damfara, kuma nan ne ka yi kuskure. Mai tura irin wannan harbi yake a duhu, bai san ko ana buɗe akwatin ba. Kana dannawa ko ka mayar da amsa, ko da zagi ne, ka shaida masa akwai mutum a gidan, sai darajar adireshinka ta tashi. Wasu ma hoto ɗan mitsitsi suke ɓoyewa a ciki, yana buɗewa sun samu labari. Saboda haka kada ka amsa, kada ka danna. Yi wa saƙon alamar Spam, wato tarkacen saƙo, domin da haka Gmail ke koyon tare ire-irensa.

Na BVN ɗin shi ya fi damuna. Wallahi babu bankin da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan da ake turowa ta waya ta hanyar imel. Duba adireshin mai turowa, kada sunan da ya sa wa kansa ya ruɗe ka. Sau da yawa harafi ɗaya aka canja. Gaggawar nan ta "yau ko a rufe" ita kanta alama ce. In zuciyarka ba ta kwanta ba, taka zuwa reshen bankinka ka tambaya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta wannan aiki, kuma EFCC na karɓar ƙorafi.

Yanzu buɗe sabon imel, ka keɓe shi ga banki da neman aiki a shafin hukuma na ainihi, tsohon kuma ka bar wa sauran rajista. In a shagon kafe aka buɗe maka na farkon, canja kalmar sirri yau, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Kuma ka riƙa leƙa akwatin Spam duk mako, don wani lokaci takardar kiran intabiyu ta gaskiya can take faɗawa, Gmail kuwa bayan kwana 30 yake share abin da ke ciki.