Burauza na rufe kanta, kai kuma hannunka na kan filashin fomat

Ka ce kwamfutar tebur ɗin nan da aka kawo daga Tudun Wada, da an buɗe Chrome sai ta ɗan yi aiki ta rufe kanta, ka cire ka sake sawa bai hana ba, kana tambaya ko ka yi mata fomat. Ajiye filashin nan, yaro. Ku yaran yanzu komai fomat. Kwamfuta ta yi tari, fomat, ta yi atishawa, fomat. Idan ciwon a ram yake, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ko a faifan ajiya, ka yi fomat sau goma, mai kayan zai dawo maka kafin Juma'a, ga shi ka share masa takardunsa a banza.

Cirewa da sake sawar da ka yi ma ba gwaji ba ne. Idan ka cire Chrome ba ka sa alamar goge bayanan ba, foldar mai amfani tana nan daram, sabuwar da ka sa kuma ita za ta ɗauka da duk dattin da ke ciki. Ba ka canja komai ba.

Abin da ya kamata ka fara gaya mini shi ne yadda take mutuwa, don "tana rufewa" ba bayani ba ne. Akwai wadda shafi ɗaya ne ke faɗuwa ya rubuta "Aw, Snap!" amma burauzar na nan a buɗe. Akwai wadda taga gaba ɗaya take ɓacewa ba sallama. Akwai kuma wadda kwamfutar ce ke daskarewa ko allo ya yi shuɗi, mai ita ya ce laifin Chrome ne saboda ita kaɗai yake buɗewa. A ta farko, karanta ɗan rubutun da ke ƙasa. In ya ce "Out of Memory", ram ne ya cika. In ya ce STATUS_ACCESS_VIOLATION, to shirin ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwa, kuma wannan ko wata manhaja ce ta cusa kanta cikin burauzar, ko ram ɗin ne ke ƙarya. Ba ku karanta rubutu, shi ne matsalarku. Kwamfuta na faɗa muku abin da ke damunta, ku kuna neman inda za ku danna ya tafi.

Ba zan tsaya koya maka kashewa da kunnawa ko sabunta burauza ba. Wanda bai san wannan ba ya koma sayar da caja.

Buɗe Edge ko Firefox ka shiga shafukan da ke kashe ta. Amma ka sani Edge na yanzu da Chrome injinsu ɗaya ne, Chromium, saboda haka in duka biyun sun faɗi ba ka rarrabe komai ba tukuna. Firefox ce shaida ta gaskiya, don injinta daban. In ita ma ta faɗi, daina zargin burauza, matsalar tana ƙasa. In ta tsaya lafiya, koma kan Chrome ka danna Ctrl da Shift da N. A wannan tagar ta sirri, ekstenshan, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, ba sa tashi sai wanda aka ba izini da hannu. Ta zauna lafiya a nan? Je chrome://extensions ka kashe duka, ka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi kawo rigima su ne na sauke bidiyo, da na VPN na kyauta, da wanda manhajar sauke faya-fayai ta bogi ke liƙawa. In ka ga an rubuta "Managed by your organization" a kwamfutar mutumin da ba shi da wani ofis, leƙa chrome://policy, wani mugun shiri ne ya kafa doka don kada a cire shi. AdwCleaner yakan kwashe irin waɗannan. A Firefox abin ya fi sauƙi, riƙe Shift kana buɗe ta, za ta tashi ba ekstenshan ba komai.

In ba ekstenshan ba ne, to foldar mai amfani. A nan ɗauke wuta ke yin ɓarna, don burauza kullum cikin rubutu take a waɗannan faya-fayan, wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, fayil ya lalace, gobe ta zo karantawa ta faɗi. Rufe Chrome, ka tabbatar a Task Manager ba sauran chrome.exe ko ɗaya. Danna maɓallin Windows da R, rubuta %LOCALAPPDATA%\Google\Chrome, ka canja wa foldar "User Data" suna. Canja suna na ce, ban ce goge ba. Buɗe Chrome, za ta ƙirƙiri sabuwa. In ta daidaita, shiga tsohuwar, cikin "Default", ka kwafo fayil ɗin "Bookmarks" zuwa sabuwar. Kalmomin sirri kuwa ka yi hattara: Chrome na kulle su ne da asusun Windows ɗin da ke kan kwamfutar, saboda haka in ka yi fomat, ko ka kwafi foldar a filashi ba za su buɗu ba. Mai shagon da ke yi wa ɗalibai rajista yana da kalmomin shiga na shafuka barkatai a ciki, bai rubuta ko ɗaya a takarda ba. Ka fitar masa da su tun burauzar tana numfashi, ka ba shi, ka goge kwafin da ke hannunka a gabansa, don fayil ɗin a buɗe yake kowa na iya karantawa.

Akwai wani wuri da ban taɓa ganin yaro ya buɗe da kansa ba. Windows da R, rubuta perfmon /rel. Zai nuna maka jadawalin kwanaki, duk ranar da wani shiri ya faɗi da jan alama. Danna kan ta Chrome ka nemi layin "Fault Module Name". In sunan wani fayil ne na direban allo, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, na Intel ko NVIDIA ko AMD, ka san hanya. In na wani antibairos ne, ka san hanya. Sau da yawa za ka tarar da antibairos biyu a kwamfuta ɗaya suna kokawa, ɗaya ya mutu tun bara, dukansu kuma suna leƙen abin da burauza ke yi. Cire su da manhajar cirewa ta kamfaninsu, ka bar Defender na Windows. Jadawalin nan zai kuma nuna maka ko Chrome kaɗai ke faɗuwa, ko har Word da Explorer ma suna yi mai ita bai lura ba.

In faɗuwar tana zuwa ne da an kunna bidiyo, ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, zargi ɓangaren hoto. Shiga saitin Chrome, sashen System, ka kashe "graphics acceleration". In ba ta barin ka kai can, ƙara --disable-gpu a ƙarshen layin Target na gajeriyar hanyarta. Ta warke, to direba ne, ka sauko da nasa daga shafin HP ko Dell ko mai ƙera katin, ba daga tarin direbobin nan da kuke yawo da su a filashi ba.

Yanzu ram, wanda shi ne dalilin da ya sa na zauna ba ka amsa. Burauza ta fi kusan duk abin da ke kan kwamfutar ofis cin ram. Sandar ram mai rauni a wani lungu can sama, Word ba zai kai wurin ba, amma buɗe shafuka goma sha biyar sai Chrome ta taka shi ta faɗi. Shi ya sa mai kaya zai rantse komai lafiya sai burauza. Alamarsa ita ce rashin tsari: yau wannan shafin, gobe wancan, lambar kuskuren ma tana canjawa. Sa MemTest86, manhajar gwajin ram, a filashi, tashi kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya gama zagaye huɗunsa. Zai ɗauki sa'o'i, don haka ka tabbatar akwai mai a janareta. Kuskure ko ɗaya ya isa. Daga nan cire sandunan, goge haƙoran da kilinan fensir, hure ramin da bulowa, ka gwada sanda ɗaya-ɗaya, kowace a rami daban, don wani lokacin ramin ne ya lalace ba sandar ba.

Wani mai shagon buga takardu a wajen Samaru ya taɓa kawo Dell OptiPlex, irin na hannu ɗin nan, ana tsakiyar rajistar JAMB, yana gumi, wai da yaro ya cika fom ya kai wajen ɗora hoto sai burauza ta mutu. An yi mata fomat a wani wuri har sau biyu. Ram ɗinta DDR3 ne, sanduna biyu masu giga 4. MemTest86 bai yi nisa ba ya fara zubo jan layi. Aka ware, sanda ɗaya ce matacciya. Ya ce ba shi da kuɗi a hannu sai an gama rajista, ya haɗa ni da Allah da Annabi, ya kawo zancen zumunci da maƙwabtaka. Aka sa masa sanda mai kyau daga cikin kayan shago, aka sake gwaji ta fita tsaf, ya ɗauka ya tafi bai ba da ko sisi ba.

Bayan 'yan makonni sai ga shi da kwamfutar a bayan mashin, tun daga bakin titi yake ɗaga murya, wai aikin banza aka yi masa, ciwon ya dawo, ya yi asarar kwastomomi. Aka buɗe murfi a gabansa. Sandar da aka sa masa Samsung ce. Wadda ke ciki Hynix ce, irin tsohuwar da aka cire aka miƙa masa a leda. Ya zare mai kyaun ya sa a wata kwamfutar shagonsa, ya mayar da matacciyar, ya dawo don a sake ba shi wata kyauta. Na nuna masa, ya dubi tsabar idona ya rantse bai taɓa buɗe ta ba. Mutane suka taru, aka ce a yi haƙuri, kowa ya san halin rayuwa. Haƙurin wa? Ram ɗin ya tafi, kuɗin aiki ya tafi, ya kuma bi shaguna yana cewa ban iya aiki ba. Har yau in na gan shi a wajen ɗaurin aure sai ya miƙo hannu kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa ka ga kwalbar jan farcen nan a cikin durowa. Duk sandar da za ta fita daga shagon nan a ɗiga mata a gefe, a ɗauki hoton lambarta da waya, a rubuta a rasit. Matacciyar kuma a karya ta kafin a miƙa wa mai ita. Bashi kuma babu, ko limamin unguwarku ne.

Ram mai lafiya amma ƙarami wani batu ne daban. Giga 4 a Windows 10, shi kansa Windows ɗin ya cinye kusan rabi kafin ka buɗe komai. Danna Shift da Esc a cikin Chrome ka ga shafin da ke haɗiye ƙwaƙwalwa. Ka kuma duba ko wani gwani ya kashe page file, wurin da Windows ke sauke kaya a faifai in ram ya cika, wai don ta yi sauri, ko faifan C ya cika har ya yi ja, don in ba wurin da Windows zai sauke kaya, shafuka za su riƙa mutuwa. Mayar da page file ɗin Windows ya sarrafa da kansa. In kuma Windows ɗin 32-bit ne, ko giga 8 ka sa, uku da ɗoriya zai gani.

Faifan ajiya, CrystalDiskInfo zai gaya maka cikin minti ɗaya. In ya rubuta "Caution" da ruwan ɗorawa, duba layin 05 da C5. In lambarsu a ƙarƙashin "Raw Values" ba sifili ba ce, to kwashe kayan mutum kafin ka yi wani gwaji, ka ba shi shawarar SSD. Sai bayan faifai ya fita lafiya ne sfc /scannow, umarnin gyara faya-fayan Windows da suka lalace, ke da amfani.

Kada ka manta a Zariya kake. Bayan hunturu, buɗe kowace kwamfuta ka ga ƙurar da ta toshe fankar farosesa, sai kuma Maris da Afrilu su zo da zafinsu a shagon kwano. Kunna bidiyo ka duba zafin farosesa a HWMonitor. In ya haura digiri 90, hure ta ka canja man farosesa. Kana ciki ka dubi kafasitocin bod, duk wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya gama aiki. Fawa-fak ma, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, da ya sha wutar janareta marar tsayawa yakan sa kwamfuta ta yi abin da ba ka gane kansa, kuma hanyar ganewa mafi sauri ita ce ka ɗaura mata wani da ka tabbatar da lafiyarsa.

In ka tarar Windows 7 ne a kai, gaya wa mai ita gaskiya. Chrome ta tsaya masa a lamba 109 tun Janairun 2023, Firefox kuma a 115. Shafuka na ci gaba, burauzarsa na tsaye wuri ɗaya. Windows 10 ma Microsoft ta rufe tallafinsa na yau da kullum a 14 ga Oktoban 2025. A irin wannan ne kawai zan yarda ka ɗauko filashin fomat, shi ma bayan ka kwashe masa komai.

Tashi ka je ka buɗe perfmon /rel a kan ta Tudun Wadan, ka rubuto mini sunan fayil ɗin a takarda, harafi da harafi. In Firefox ma ta faɗi, sa mata MemTest86 kafin a kira la'asar.