Kar ki ciro ta daga gidanta, ke ki riƙa zuwa

'Yar uwa, wallahi sai da na ajiye waya na share hawaye kafin na iya rubuta miki amsa. Kin ce kakarki ta wajen uba ta fara rikicewa, matan gidan sun gaji da ita, kuɗin da kike aikawa ba ki ganin alamarsu a jikinta, kina shawarar ko ki ɗauko ta ki kawo ta Kano. Kamar labarin Innarmu kika ɗauko.

Inna uwar babana ce, a wani ƙauye tsakanin Auyo da Kafin Hausa. Wajenta aka kai ni yaye, kuma ban bar ɗakinta ba sai ranar da aka kai ni gidan miji. Duk wanda aka haifa a gidan nan ita ta yanke masa cibiya, ita ta dafa ruwan jego da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa har a yi arba'in. Da kuɗin daddawa da 'yan awakinta ta yi min kayan ɗaki. Ni kishiya take ce min, yayana kuwa maigida, kullum tana binsa bashin kuɗin cefane.

Da kakanmu ya rasu, baffana zai ƙara aure, sai uwargidansa ta ce ita ba za a raba mata ɗaki ba, a ba amarya na Inna. Aka kwashe tsohuwa aka kai ta ɗakin da ake ajiye harawa, dab da turken awaki. Ta ce ba komai. Haka suke, ba sa son a ce sun hana ɗa abin da yake so. A nan ambaliyar 2022 ta same ta, shekarar da kogin Hadejia ya cinye gonaki ya rusa gidaje. Ƙasan ɗakin ya jiƙe sharkaf, tabarmarta har ta yi funfuna.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Inna ta fara mantuwa, tana tashi cikin dare tana kiran mijinta, tana magana da 'yan uwanta da suka daɗe a ƙasa. Sai ɗan autan matar baffa ya kwanta, zazzaɓi mai zafi har da jijjiga. Matar nan ta buɗe baki ta ce Inna ce ta kama kurwarsa. Inna fa! Wadda ta karɓi haihuwar yaron da hannunta, ta tauna dabino ta sa masa a baki. Aka tara mata a tsakar gida, yara suka hau katanga suna leƙe, aka shimfiɗe yaron aka ce sai ta tsallaka shi. Ga ƙafa ba ƙarfi, sai da aka riƙe ta gefe da gefe. Ita ba ta ma san me ake yi ba, dariya take tana cewa wane irin wasa ne wannan da rana tsaka. Ƙanwata da ke wurin ta ce baffa na zaune a zaure yana jin komai, bai ce kanzil ba. Uwar da ta haife shi. Da aka kai yaron asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, aka yi masa allurai ya miƙe. Kin san har yau matar nan ba ta ce a yi haƙuri ba? Tun daga ranar jikoki suka daina cin abin hannun Inna. Sai ta kira yaro ta miƙa masa ƙuli-ƙuli ya gudu. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

To maganar ɗauko ta. Goggona ta gwada, ta kai Inna Kano, gida mai get da fanka da ruwan famfo. Kowace safiya sai ta ɗaure kayanta a zani ta zauna bakin ƙofa, wai wa zai ba awaki ruwa. Rikicewar ma ƙaruwa ta yi, don ba muryar da ta sani, ba mai shigowa ya ce Inna an tashi lafiya. Tsohon icce in ka tumɓuke shi ba ya kamawa a wani wuri. Dole aka mayar da ita.

Ki daina tura kuɗi hannun wanda ba ki yarda da shi ba. Ki sayi kaya: gero, sukari, sabulu, man zafi, bargo kafin hunturu, gidan sauro. Amma ki ƙulle mata 'yan canji a bakin zaninta ko da ba abin da za ta saya. Kakar da ba ta da abin miƙa wa jika ji take ba ta da sauran amfani. Ki duba kwallarta ma, mu lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 muka tarar da tsofaffin 'yan ɗari biyar-biyar a ƙarƙashin zannuwan Inna, wai na likkafaninta ne, kada ta ɗora wa kowa nauyi.

Kuma ki kai ta a duba ta, don Allah. Ba kowace rikicewa ce ta tsufa ba. Wata yanar ido ce ta rufe mata gani, wata kunne ne, wata hawan jini. Aikin yanar ido ba ya daɗewa, ana yi a Kano. Innarmu ido ɗaya aka yi mata, ta koma gane mutane daga nesa. Mantuwar kuwa likita ya ce cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba ta da alaƙa da maita ko iska, kuma kar a riƙa yi mata gardama. In ta ce Malam ya tafi gona, ki ce Allah ya dawo da shi lafiya. In kika ce ya rasu, sabon kuka za ta yi kamar yau aka yi mutuwar.

Mu liman da mai unguwa muka samu suka zauna da baffa. Liman ya tuna masa ayar Suratul Isra'i da ta hana ko da tsaki ga iyaye in sun tsufa. Kunya ta sa ya bari muka gyara ɗakin muka buga kwano, muka samu wata bazawara a maƙwabta tana kwana da ita muna biyanta. Ki kai yaranki hutu su kwana a ɗakin kakarki. Inna ta manta sunana, amma ko kalma ɗaya ba ta manta ba a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Kuma a riƙa neman shawararta ko a kan sunan jariri ne, ko da ba za a bi ba.

Af, kin tambaya an ba kakarki tumuninta kuwa? Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya bari, har gona. Innarmu ta rasu cikin azumin 2024 ba a taɓa cire mata ko kunya ɗaya ta gona ba, baffa ke nome gonar gaba ɗaya. Ranar sadakar uku matar baffan nan ce ta fi kowa kuka, har da birgima. Ana ta ce min in yafe, ni dai gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ki bincika maganar tumunin nan tun kakarki na raye, kuma ki sa babanki a gaba, ba ke kaɗai ba.