Shayin artemisia na China: zan iya ba yara maimakon maganin maleriya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Dan Allah wata maƙwabciyata ce ta kawo min busasshen ganye a leda, tace artemisia ne daga China, wai da shi ake haɗa maganin maleriya, in dinga dafawa yara duk sanda jikinsu yayi zafi. Gaskiya ne? Kuma yana da illa?

Amsa: Wa alaikumus salam hajiya. Maƙwabciyarki bata yi ƙarya ba, amma rabin zancen ta kawo miki. Ganyen nan mutanen China suna ce masa qinghao, ɗan uwan tazargade ne da muka sani, kuma sun daɗe suna shan sa don zazzaɓi, tun wajen ƙarni na 4 wani masaninsu Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa shi a ruwa a matse a sha. A 1967, lokacin yaƙin Vietnam da maleriya ke ta kashe sojoji, gwamnatin China ta buɗe bincike na sirri, a nan wata mata Tu Youyou ta koma kan rubutun Ge Hong ta lura ai mutumin bai ce a tafasa ba, sai ta tatso sinadarin ba tare da zafi sosai ba, a 1972 suka fitar da artemisinin. Shine ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Coartem ɗin da kike saya a kemis daga wannan sinadarin aka samo rabinsa.

Toh matsalar shayin fa ita ce baki san nawa yaro ya sha ba. Sinadarin a ganye kaɗan ne, kuma yana bambanta daga gona zuwa gona, ga shi baya narkewa sosai a ruwa, ga ajiya cikin zafi tana rage masa ƙarfi. Sannan ko na asibitin ma cikin 'yan awanni yake fita daga jiki, shi yasa ake haɗa shi da lumefantrine wanda ke daɗewa ya ƙarasa ragowar ƙwayoyin cutar. Da shayi kuwa zazzaɓin zai iya sauka ki ɗauka an warke, bayan sati biyu ko uku ya dawo, yaro ya fara ƙarancin jini ko jijjiga, Allah ya kiyaye. Ni abin da ya fi tsorata ni ma shine irin wannan shan rabi-rabin ne ke koyawa cutar jure magani, an fara ganin haka a Kambodiya, yanzu har Ruwanda da Yuganda an gani. Hukumar lafiya ta duniya a 2019 ta fito fili tace bata goyon bayan shan ganyen a shayi ko gari don magani ko rigakafin maleriya.

Illa kuwa akwai tashin zuciya, amai, jiri, wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Hanta ma ba a barta ba, a 2018 hukumar magunguna ta New Zealand ta yi gargaɗi bayan wasu masu shan kafso na ganyen don ciwon gaɓɓai sun samu matsalar hanta. Mai ciki kam kar ta taɓa. Kuma ganyen leda ba takarda ba lambar NAFDAC, wa ya tabbatar miki shi ne? Dangin nasa da yawa ne kuma kamanninsu ɗaya in sun bushe.

Ba duk zafin jiki bane maleriya, sai ki kai yaron a ɗiga jininsa a gwada, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In ita ce a bashi Coartem ɗin daidai nauyinsa, safe da yamma kwana 3 cif ko da ya miƙe yana wasa, ki haɗa masa da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. In kuma yana ta amai, ya kasa shan komai ko ya fara suma, asibiti kai tsaye, allurar artesunate yake buƙata.