Ku Tambaya Mu Amsa: Wane keke zan saya in shiga sanyin Ingila da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a Sheffield, na zo karatun digiri na biyu watan Satumba kuma ina ɗan aikin dare a wani sito can bayan gari, to kuɗin bas ya fara cin aljihuna shi ne nace bari in nemi keke. Dama tun a gida ni mayen keke ne, irin na tseren nan mai lanƙwasasshen kai nake so. Na ga wani na hannu a Facebook Marketplace, firam ɗinsa na kabon ne gaba ɗaya ba ƙarfe ba, ba nauyi ko kaɗan, tayarsa 23, mai shi yace zai bar min a fam 450. Sai wani Bature abokin aikina yace kar in kuskura in shiga sanyi da shi, wai su keken sanyi daban suke ajiyewa. Dan Allah gaskiya ne ko dai son kashe kuɗi ne? Kuɗin nan su ke nan gare ni.
Ƙaninka a Sheffield

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokin aikinka gaskiya ya gaya maka, ka haƙura da wannan keken, kuma ba don kabon ɗin ba ne, kabon ai ba ya tsatsa. Matsalar tana wajen da mutane ba su cika dubawa ba, wato tazarar da ke tsakanin taya da firam. Keken da aka ƙera da taya mai faɗin milimita 23 na tsere ne a busasshen titi, galibi ko taya 28 ba za ta shige shi ba balle a yi maganar madigadi, to kai kuma abubuwa biyun nan su ne rayuwarka daga Nuwamba har Maris.

Bari kaji abin da ke faruwa a titin. Da zarar an ga alamar dare zai yi ƙanƙara sai motocin ƙaramar hukuma su fito suna watsa gishiri, wani jaja-jaja mai tsakuwa, da yawansa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire ake haƙo shi. Gishirin nan ya haɗu da ruwa da yashi da baƙin dattin motoci sai ya zama wani kwaɓi, tayar gaba ta watsa shi kan kaca da giya da boris ɗin feda da takalminka, ta baya kuma ta zana maka layi tun daga wando har ƙeya, kuma ba ruwan sama na awa ɗaya ba ne ya ɗauke rana ta fito, titi yana iya yin sati bai bushe ba. Kacar da ka bari da wannan kwaɓin da daddare, da safe za ka tarar ta fara ja. Shi ya sa masu hawan keke na can tun da daɗewa suke rataye mai tsadar idan kaka ta wuce su ɗauko wani mai araha mai madigadi, har a ƙungiyoyinsu da yawa in ka zo fita ba madigadi sai a ce ka koma can baya don kar ka yi wa na bayanka wanka. In ka tuna Raleigh ɗin iyayenmu, da madigadinsa har ƙasa da murfin kaca rufe ruf, to asalinsa daga Nottingham ta Ingila ne, don irin ruwan da kake ciki yanzu aka yi masa wannan shigar.

Saboda haka in kaje ganin keke kar ka fara da ɗaga shi kaji nauyi. Durƙusa. Duba ƙasan ƙafafun gaba daf da inda wili yake ɗaurewa, da can baya ma haka, ka nemi wasu 'yan ƙananan ramuka masu zare na ɗaura kusoshi, su ne mazaunin madigadi na dindindin irin na kamfanin SKS. Sannan ka cusa ɗan yatsanka tsakanin saman taya da firam, gaba da baya. In yatsa bai shiga ba ka yi wa mai keke godiya ka kama hanya. Akwai madigadin da ake maƙalawa da roba irin Raceblade don kekunan da ba su da ramukan, yana rage wahala amma gajere ne, bayanka zai tsira ƙafarka da kaca ba za su tsira ba, ga kwaramniya. Wanda bai mallaki keke ba tukuna bai kamata ya sayi matsala sannan ya sayi maganinta ba.

Taya ka nemi 28 zuwa 32, ni dai 32 na fi so maka tunda dare kake tafiya ba ka ganin ramuka da kyau. Kuma kar ka ɗura mata iska har ta yi tauri kamar yadda muka saba, mutum mai kilo 70 a kan taya 28 wajen psi 70 a ma'aunin iskar famfo ya ishe shi, mai 32 ƙasa da haka, taushin ne yake sa ta kama jiƙaƙƙen titi. Faci ya fi yawa lokacin ruwa saboda gilashi da tsakuwa suna mannewa a jiƙaƙƙiyar taya ruwan kuma ya taimaka musu su huda, don haka a nan ne za ka kashe kuɗi ba tare da jin ciwo ba. Schwalbe Marathon tana da nauyi amma da wuya ta yi faci, Continental Grand Prix 4-Season ta fi gudu da kama titi sai dai tsada, Gatorskin tana da juriya amma robarta da tauri, a jiƙe ba ta kai waccan riƙo ba. Mai zuwa aiki ƙarfe goma na dare, Marathon.

Birki kuma, Sheffield gari ne na tudu da gangare kai ma ka gani. Birkin da ke kama gefen wili in ya jiƙe sai wili ya juya ya share ruwan kafin ya fara ci, sannan kwaɓin nan yana goge wilin a hankali har ya sirance. In ka samu mai birkin faifai ka ɗauka, ko na waya ne ba na mai ba ya wadatar. In kuma na gefen wili ne ya zo daidai kuɗinka ba laifi, amma ka shafa gefen wilin da yatsa, in kaji ya yi kwarmi a tsakiya to ya kusa ƙarewa, ka cire kuɗin sabon wili daga cinikin. Giya ma ka duba yawan haƙoranta saboda tudun, gaba 50/34 baya har 32 ko 34, tsofaffin kekunan tsere da yawa 53/39 ne da ƙaramar giya a baya, za ka sauka kana turawa. Kuma kar sunan giya ya ruɗe ka, Shimano Claris mai giya 8 a baya ko Sora mai 9 ko Tiagra mai 10 duk sun isa, kacarsu ta fi araha, abin da gishiri zai ci gara ya zama mai sauƙin sauyawa. Firam na alminiyom ya yi. A kasuwar na hannu ka sa ido kan irin su Triban RC500 ko RC520 na Decathlon, ko Boardman, ko Ribble CGR in Allah ya sa an yi araha. Ka nemi lambar firam ka duba ta a BikeRegister, shafin da ake rajistar kekuna da kai rahoton waɗanda aka sace, kafin ka miƙa kuɗi, satar keke ta yi yawa a garuruwan ɗalibai, wanda ya ƙi nuna maka lamba ka rabu da shi.

Kar ka zuba 450 ɗin duka a keken, ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku. Fitila dole ce a doka daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, fara a gaba ja a baya, da jan madubi mai ƙyalli a baya da mai ruwan ɗorawa a feda, kuma a Disamba za ka ga kun yi magariba kafin ƙarfe huɗu, wato kusan duk tafiyarka cikin duhu ce. Ni ina ba da shawarar jar fitila biyu don in ɗaya ta mutu ba za ka sani ba tana bayanka. Sai kwaɗo mai siffar D wanda ke da tambarin Sold Secure Gold, shaidar an gwada ƙarfinsa, da hular kwano, da safar hannu mai tare iska, don yatsun da suka sandare ba sa iya matse birki.

Abu biyu nake roƙonka da su don Allah. Layin dogon taram, jirgin ƙasan cikin gari, da ya ratsa titunan garinku yana kayar da masu keke sosai musamman a jiƙe, ka tsallake shi a gicciye gwargwadon iko, kar ka bi shi a karkace kuma kar ka taɓa birki a kansa. Na biyu, duk daren da waya ta nuna maka sanyi ya sauko kusan digiri 0, ko ka fito ka ga gilasan motoci sun yi fari, ka hau bas. Akwai ƙanƙarar da ba a gani, titi sai ya yi kamar jiƙewa kawai ya yi, kuma ƙananan layuka da hanyoyin keke ba kasafai ake zuba musu gishiri ba. Kuɗin bas na dare ɗaya bai kai karayar kafaɗa ba a ƙasar da ba mai jinyarka.

Wanki kuwa bokitin ruwan ɗumi da tsumma ne, ka goge kaca ta bushe, ka ɗiga mata man kaca mai danƙo na lokacin ruwa ƙwaya-ƙwaya ka sake goge na saman, kuma mai ko ɗigo kar ya taɓa faifan birki.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Ni a Winnipeg nake a Kanada da iyalina, ina da keken titi na alminiyom da nake zuwa aiki da shi tun bazara, yana ɗaukar taya har 35. Uwargida tace in Janairu ta zo in ajiye shi, ni kuma ina ganin mutane suna hawa cikin dusar ƙanƙara. Zai yiwu da wannan keken nawa?
Ɗan uwanka a Winnipeg

AMSA: Alhaji barka kadai, a gaida uwargida, kuma maganarta tana kan hanya don naku sanyin ba irin na Ingila ba ne, ku kuna ganin digiri 20 har 30 ƙasa da sifili. Zai yiwu amma da sharaɗi. Tunda yana ɗaukar 35 to taya mai ƙusoshi za ta shiga, Schwalbe Marathon Winter akwai ta a 35, sai dai ka gwada don ƙusoshin suna ƙara mata tsayi kuma dusar tana cushewa a ƙarƙashin madigadi in ba sarari, in ta matse akwai Schwalbe Winter mai 30. Ka sa gaba da baya, in kuɗin guda ne to gaba, don tayar baya in ta zame kana iya dirawa da ƙafa, ta gaba in ta tafi sai dai ka ji ka a ƙasa. Kamfanin da kansa yana cewa a fara yi mata wajen kilomita 40 a busasshiyar kwalta ba tare da birki mai ƙarfi ba don ƙusoshin su zauna, kenan ka saka tun kafin ƙanƙara ta kwanta.

Wani abin da ke ba sababbi mamaki, a irin wannan sanyin giris ɗin da ke cikin firiwil yana daskarewa, sai ka taka feda tana juyawa fayau keke bai motsa ba, ka kai wa mai gyara ya wanke ya sa mai marar kauri. Ka ajiye keken a gareji mai sanyi maimakon shiga da fita da shi ɗaki mai hita, dusar tana narkewa ta shige wayar birki da ta giya, ka fito ta sake daskarewa a ciki. Feda ka sa shimfiɗaɗɗiya ka hau da takalmin sanyinka, batirin fitila kuma yana saurin mutuwa a sanyi ka riƙa cajinsa kullum. Fuska da kunne da yatsu a rufe, hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kai kuma gudun keke ƙara maka iska yake. In da ni ne gaskiya zan nemi tsohon keken hawan dutse mai miƙaƙƙen kai da faffaɗar taya in bar na titin ya huta har Afrilu, zaman da mutum yake yi a miƙe ya fi ba shi iko a kan santsi.

TAMBAYA: Malam mu da muke Damagaram fa, in hunturu ya shigo akwai abin da ya kamata mu canza a keken tsere?
Mai karatu daga Damagaram

AMSA: Akwai malam, amma naku kishiyar nasu ne, ƙura ce abokiyar faɗanku ba ruwa ba. Man kaca mai danƙo da na gaya wa na Sheffield ku kar ku sa, haka baƙin man inji da masu gyara suke lafta wa kaca, ƙura yake kamawa ya zama abin da ke cinye haƙoran giya. Ka wanke kacar da kananzir ta bushe sarai, ka sa mai marar kauri ɗan kaɗan ka goge, gara ka yawaita sawa da ka yawaita mai. Taya 28 ko 32 ku ma ta fi muku saboda yashin bakin titi da tsidau, ka riƙa yawo da tif na safaya da famfo. In hazo ya sauko da safe ka kunna jar fitilar baya ko da gari ya waye don manyan motocin hanyar Maradi su hango ka da wuri, ka ɗaura takunkumi ko rawani a hanci, da tabarau mai farin gilashi saboda ido.